Ciwon Jiki da Fitinar Ƙwaya a Gonakin Rani na Kura da Bunkure

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya danƙa masa amanar jiki da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maganar da aka ɗora mini in yi a wannan zama ita ce maganar ciwon jiki, da ƙwayoyin da ake sha dominsa, da abin da ƙwayoyin nan suke haifarwa. Malaman usulu, irin su Imamul Gazali da Imamush Shaɗibi, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Duk wanda ya san abin da ƙwaya take yi a ƙauyukanmu ya san babu ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da ta ƙyale. Saboda haka wannan magana ta masallaci ce kamar yadda take ta asibiti.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka janyo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rayuwar manomin wannan yanki ta sauya. Kakanninmu in sun gama aikin kaka sukan huta har faɗuwar ruwa. Mu kuwa ana tashi daga shinkafar damina sai alkama da tumatir da albasa, ana kwashe su sai shinkafar rani. Wannan ni'ima ce wadda ta wajabta godiya, kuma da ita ake ciyar da mutanen da ba su taɓa jin sunan Kura ba. Sai dai jiki ne yake biyan kuɗinta. Mai dashe yana sunkuye cikin ruwa tun ketowar alfijir har rana ta take, mai lauje haka, mai bugu haka, ga mai dakon buhu, ga mai loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ga matan da suke turara shinkafa a bakin wuta. Kuma yawancin aikin jinga ne: gwargwadon abin da ka gama, gwargwadon abin da za ka kai gida. Ta wannan ƙofa ƙwaya ta shigo. Yaro ya tashi da ciwon ƙugu, ya san in ya kwanta ba a ɗora tukunya, sai abokin aiki ya miƙo masa Tramol ya ce sha ka ga aiki da cikawa. Ranar farko kuwa sai ya gani.

Ba a nan kaɗai abin yake ba. Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan ciwo irin su tiramadol da kodin suka sha ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, Indiya kuma ta tsaurara dokar fitar da tiramadol. To, amma masu neman kuɗi da rayukan mutane ba su barci. Sai aka koma shigo da wani haɗi na magunguna biyu, tafentadol mai ƙarfin kashe ciwo da karisofurodol mai sake tsoka, da sunaye irin su Tafrodol, har sai da BBC ta tona asirin a Fabrairun 2025 kafin Indiya ta haramta haɗin. Ku riƙe wannan: tiramadol ɗin da hukumar NAFDAC ta yarda da shi mai miligiram 50 ne ko 100, likita ma ba ya wuce wa babba miligiram 400 a yini da kwana, a rarrabe. Mai 200 da 225 da 250 da ake sayarwa a bakin gona ta ɓarauniyar hanya ya shigo, kuma babu mai iya rantse maka a kan abin da ke cikinsa. Wanda ya haɗiya biyu da shayin safe ya riga ya kai iyaka ko ya ƙetare ta tun bai taka ruwa ba.

Mene ne hukuncin wannan? A nan ina so mu natsu, domin akwai masu sassautawa har su halatta haram, akwai kuma masu tsanantawa har su cuci marar lafiya. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin abin da ke bugarwa, da abin da ke sa gaɓoɓi su daina ji, da abin da ke gurɓata hankali. Sun bambanta a wasu hukunce-hukunce, kamar haddi da najasa, amma shan abin da zai taɓa hankali daga cikinsu ba tare da larura ba haramun ne duka. Ya tabbata daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya haramta duk abin da ke sa maye, kuma a hadisin Jabir wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya bayyana cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haka hukuncinsa yake. Akwai hadisin Ummu Salama mai hana abin da ke kashe jiki ya sa kasala, amma malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, saboda haka ba a kansa muka gina ba, kuma ba mu da buƙatar sa. Ƙa'idar hana cutar da kai da cutar da wani ta isa, kuma aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka.

A ɗaya gefen kuma, malaman fiƙihu na Malikiyya da Shafi'iyya sun halatta a ba mutum abin da zai gusar masa da ji in za a yanke masa gaɓar da ta ruɓe. Saboda haka mai cutar sikila idan ciwonsa ya tashi, da wanda ƙashinsa ya karye, da wanda aka yi wa tiyata, da mai ciwon daji, idan likita amintacce ya rubuta musu irin wannan magani, halal suke sha, kuma zunubi ne a kira su 'yan ƙwaya. Larura ana auna ta da gwargwadonta. Amma son gama kadada kafin la'asar ba larura ba ce.

To, shi wanda aka rubuta wa bisa ƙa'ida, yaya zai yi da wahalar maganin? Domin magani mai ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai. Tashin zuciya da jiri da zufa da gyangyaɗi sun fi tsanani a kwanakin farko, sa'an nan galibi su lafa. Ya sha shi bayan ya ɗan taɓa abinci marar maiƙo, kada ya miƙe zumbur daga kwance, ya riƙa kurɓar ruwa saboda bushewar baki. Taurin bayan gida kuwa ba ya lafawa muddin ana shan maganin, domin maganin yana rage motsin hanji ne. Sai a tare shi tun ranar farko da yawan ruwa, da zogale da rama da alayyafo da kuɓewa, da gwanda da lemo, da ɗan tattaki. Idan an kwana uku babu labari a gaya wa likita ya ba da mai sassautawa, kada kunya ta kai mutum ga basir. Muddin yana jin jiri ko barci, kada ya hau babur, kada ya tsaya kan injin casa, kada ya je buɗe ruwa a bakin babbar magudana shi kaɗai. Kada a haɗa shi da maganin barci irin su Valium, ko kodin, domin haɗuwarsu tana danne numfashi har mutum ya wuce cikin barcinsa. Tiramadol kuma yana da wani sharri nasa na daban, watau yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman in an sha da yawa ko ga wanda dama yake da ita. Ku ƙaddara mutumin da jijjiga ta kama shi yana tsakiyar ruwan shinkafa, ruwan da bai kai gwiwa ba. Mai shayarwa da yaron da bai kai shekara 12 ba, ba a ba su tiramadol ko kodin. Mai ciki kuma sai da sanin likita.

Idan maganin ya gusar da hankali ko ya sa barci mai nauyi, alwala ta warware. Kuma A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito umurni ga mai gyangyaɗi a salla da ya kwanta har barcin ya sake shi, domin kada ya zo neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Saboda haka marar lafiya ya roƙi likita ya daidaita masa lokutan sha da lokutan salla, abu ne mai yiwuwa.

Yanzu ga wanda ƙwaya ta riga ta kama. Ɗan'uwa, mun san abin da kake ji in ka kwana ba ka sha ba: hamma, da hawaye, da majina, da gudawa, da sanyi da zufa a lokaci guda, da rashin barci, da ciwon gaɓoɓi kamar an yi maka dukan kawo wuƙa. Kai kana zaton ciwonka ne ya dawo, alhali kuwa jiki ne yake kukan abin da ya saba. Likitoci ma sun gano cewa daɗewa a kan irin waɗannan ƙwayoyi yana iya ƙara wa jiki jin ciwo, abin da da ba ya damunka ya koma yana damunka. Wannan ya tuna mana amsar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba Ɗariƙ ɗan Suwaid a ruwayar Muslim, lokacin da ya ce yana yin giya ne don magani, aka sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Tuba wajibi ne yau, ba gobe ba. Amma wanda ya yi watanni yana sha kullum kada ya yanke rana ɗaya, domin yawancin masu yin haka azaba ce take mayar da su, su koma da yunwa, su sha adadin da jikinsu ya daina ɗauka. Hanya ita ce a riƙa ragewa sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita, kuma akwai masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau. Ragewa da niyyar rabuwa tana cikin tuba. Ku kuma iyaye, ɗaure yaro a mari da bulala ba su fitar da ƙwaya daga jini.

Mu dawo ga ciwon kansa, domin in ba a san shi ba za a yi ta harbi a duhu. Ciwon tsoka shi ne wanda kake iya ɗora hannu ka ce ga shi nan, yana ƙaruwa da motsi, yana sauƙi da hutu da ɗumi. Mafi yawan ciwon baya irin wannan ne, kuma galibinsa yana warwarewa cikin mako shida. Ba ya buƙatar Tramol. Abin da yake so shi ne gashi da tsumma mai ɗumi, da man zafi, da tausa, da rage nauyin aiki na 'yan kwanaki. Kwanciya wuni guda kuwa ƙara sandarar da baya take yi. Mai ɗaukar buhu ya durƙusa da gwiwa, ya rungumo kayan kusa da jikinsa, kada ya murɗa ƙugu da kaya a hannu. Mai dashe ya riƙa miƙewa yana dafa ƙugu lokaci zuwa lokaci. A bazara, sa'ad da zafi ke kai digiri 40, yawancin ɗaurewar tsoka daga ƙarancin ruwa da gishiri ne, sai a tafi gona da ruwa isasshe da haɗin gishiri da sukari.

Farasitamol yana da amfani, amma babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, domin wuce haka yana ƙona hanta ba tare da gargaɗi ba. Su diklofenak da ibufurofen da Feldene ba su sa maye, shi ya sa masu tsoron Allah da yawa suke sake jiki da su, suna sha kullum kamar goro. Waɗannan su ne masu jawo gyambon ciki da kashe ƙoda, musamman ga wanda ya sha da cikinsa wayam ya wuni yana zufa a rana. A yankin da tsargiya ta yawaita saboda shiga ruwa, inda mafitsara da ƙodar wasu dama sun jigata, abin ya fi haɗari. Ba a haɗa biyu daga cikinsu, ba a sha ba abinci, kuma mai olsa da mai hawan jini da mai ciki su nisance su sai da izinin likita. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta ko ya yi aman jini, asibiti nan take. Ƙullin ƙwayoyi masu launi-launi da ake ba mutum a leda ba suna kuwa, sau da yawa akwai irin waɗannan biyu ko uku a ciki.

Ciwon jijiya daban yake. Shi raɗaɗi ne kamar an zuba barkono, ko tsikari kamar allura, ko fizga kamar wutar lantarki, ko ka ji kamar kiyashi na tafiya, ko ƙafa ta sage. Wani yana tasowa daga ƙugu ya bi ta ɗuwawu ya gangara har yatsu, saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya danne jijiya. Wani kuma tafin ƙafafu biyu ne suke ƙuna da dare, wannan a auna sukari. Ana samunsa daga ƙarancin bitamin B12, da wani maganin tarin fuka, da kuturta, da allurar da wanda bai iya ba ya soka a ɗuwawu ta sami jijiya, da wasu magungunan feshi masu guba ga wanda yake feshi ba takalmi ba rufe hanci. Irin wannan ciwo bai cika jin farasitamol da diklofenak ba, shi ya sa mai shi yake ta ƙara ƙwaya a banza. Magungunansa daban ne, irin su amitiriftilin da gabafentin da firigabalin, ana farawa da kaɗan, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu. Su ma suna sa barci da jiri, ba a yanke su farat ɗaya, kuma haɗa su da tiramadol ba da sanin likita ba ganganci ne da rai. Masu gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala da na Aminu Kano suna koyar da motsa jikin da ke sassauta jijiya. Wanda ƙafarsa ta sage kada ya gasa ta da ruwan zafi ko garwashi, zai ƙone bai sani ba, kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum bayan ya fito daga gona. Idan ciwon baya ya zo da riƙewar fitsari ko zubarsa, ko sagewar tsakanin cinyoyi, ko ƙafa ta fara ja, ba a kwana da shi a gida. Idan ya zo da zazzaɓi da rama da zufan dare, a bincika tarin fuka na ƙashin baya.

Saboda ciwon jijiya ba ya da kumburi ba ya da rauni, nan da nan sai a ce jifa ne, ko ya taka sammu. Daga nan sai gidan boka, a ɗaura laya a ƙugu, a yi tsaga, a sayar da buhun shinkafa a kai. Mutum ya rasa lafiya, ya rasa dukiya, ya taɓa tauhidinsa, domin Imamu Ahmad ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa rataya laya shirka ce. Sunna kuwa ba ta bar mu hannu rabbana ba. Usman ɗan Abil As ya kai kukan wani ciwo da ya daɗe yana damunsa, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya koya masa ya ɗora hannu a wurin, ya ambaci sunan Allah sau uku, ya nemi tsarin Allah da ikonSa daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Muslim ya ruwaito shi, kowa ya nemi malaminsa ya haddace lafazin. Ƙaho ma ya tabbata a Sunna, amma da sabuwar reza ga kowane mutum saboda ciwon hanta da ƙanjamau, kuma ba a yi wa mai sukari a ƙafar da ta sage. Addu'a ba ta kore asibiti, domin wanda ya koyar da ita shi ne ya yi umurni da neman magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir.

Akwai waɗanda suke shan ƙwaya don su iya tsayuwar salla ko su kai azumi. Wannan jahiltar sauƙin addini ne. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir aka ba shi izinin ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Marar lafiya kuma an yarje masa ya sha azumi ya rama. Wanda ya haɗiya diklofenak da sahur, ya wuni a rana ba ruwa, ƙodarsa yake wa illa.

Sauran magana ta masu gona ce da masu kemis. Alhaji mai gona, a hadisin Abu Zarri an hana ɗora wa na ƙasa da kai abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa ka ɗora to ka kama masa. Idan ka yanka jingar da kai kanka ka san mutum ba zai gama ta ba sai da ƙwaya, kana da kaso a cikin abin da ya same shi; wanda ya saya wa 'yan ƙwadago da kansa ya zuba musu a shayi, wannan kuwa ba ya buƙatar fatawa. Ka kai musu ruwa, ka ba su hutun azahar a inuwa. Kai kuma mai kemis, Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Lasisinka bai ba ka ikon sayar da tiramadol ba, balle ka yi allura a bayan kanta.

'Yan agajinmu, ku ne kuke fara isa wurin. Idan kun tarar da wanda ya sha ƙwaya ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana minshari mai nauyi, leɓɓansa sun canza, ƙwayar idonsa ta tsuke, kada ku ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Ku kwantar da shi a gefensa, ku buɗe masa hanyar iska, kada ku ɗura masa madara ko manja ko ruwan rubutu, domin huhu za su tafi. Idan jijjiga ce, ku fitar da shi daga ruwa, ku janye lauje da fartanya daga kusa da shi, kada ku danne shi, kada ku cusa masa cokali a baki. Ku ɗauki kwalin abin da ya sha ku tafi da shi asibiti mafi kusa, ku gaya wa likita gaskiya ko da iyalansa suna jin kunya, domin akwai allurar naloksom mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, kuma sai likita ya san abin da aka sha zai san abin da zai bayar.